Malaman da Suka Bar Ibadan a 1966 da 1967, da Abin da Suka Bari a Baya

Maƙalarmu ta wannan mako tarihin wasu malamai uku ce, dukkansu Turawan Ingila, waɗanda suka sauka a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekara ɗaya, wato 1956, suka kuma tattara nasu ya nasu kusan a lokaci ɗaya, tsakanin 1966 da 1967. Biyu daga cikinsu, Geoffrey Axworthy da Martin Banham, da wasan kwaikwayo aka san su. Na ukun, John Ferguson, farfesa ne a fannin harsuna da adabin tsoffin Girkawa da Rumawa.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. To amma raɓa iri biyu ce. Wadda ta sauka a kan dutse, hantsi na dubawa ta bushe. Wadda ta sauka a kan shuka kuwa, ko ta tafi ta bar amfani. Abin da za mu duba shi ne wace iri ce raɓar waɗannan mutane, da kuma yadda wani reshe na aikinsu ya zagayo har Kano da Zariya.

IBADAN DA SUKA TARAR

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104, a ƙarƙashin shugabancin Kenneth Mellanby. Ba jami'a ce mai cin gashin kanta ba. Reshe ce ta Jami'ar Landan, can ake amincewa da manhaja, digirin da ake bayarwa ma na Landan ne. Har zuwa 1960 da aka buɗe ta Nsukka, ita kaɗai ce a duk Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1962. Shi ya sa 'yan Arewa irin su Adamu Ciroma da Jibril Aminu can suka yi digirinsu.

Cikin fannonin da aka fara da su akwai wanda Turawa ke kira Kilasiks. Mai son gane shi ya dubi karatun zaure. Almajirin da ya sauke, ya wuce littattafan fiƙihu na farko, yakan shiga luga da nahawu, ya karanta waƙoƙin Jahiliyya da Muƙamatul Hariri, ba don zai yi ciniki da wannan Larabcin a kasuwa ba, sai don harshensa ya nuna, tunaninsa ya yi kaifi. Haka Turawa suka ɗauki Latin da tsohon Girkanci. Ƙarni bayan ƙarni, da su ake horar da lauyoyi da limaman coci da ma'aikatan mulki. Makarantun mishan na Kudu sun shigo da wannan al'ada tun ƙarni na 19, har ya zama a Legas mai iya jefa karin maganar Latin a zance shi ne cikakken ɗan boko.

Sai dai a wannan kwaleji da ake iya yin digiri a harshen mutanen da suka shuɗe shekaru aru-aru, Yarabanci da Hausa da Ibo ba su da sashe, Larabci ma haka. Sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe musu ƙofa. Shi kuwa wasan kwaikwayo ba a ma lissafa shi cikin darussa. A 1955 an gina ɗakin wasa mai cin mutum kimanin 300, amma galibin abin da ake nunawa wasannin Turai ne, 'yan wasa da 'yan kallo mafi yawansu malamai ne da iyalansu da ɗalibai. Mutanen garin Ibadan, waɗanda ke cika ɗakunan taro don kallon Hubert Ogunde da ire-irensa, ba ruwansu da abin da ke gudana a bayan shingen kwalejin.

AXWORTHY DA BANHAM: FITAR DA WASA DAGA HARABA

Axworthy ya zo ne daga Bagadaza, inda ya yi shekaru yana koyarwa. Banham kuwa saurayi ne da bai cika shekara 25 ba, ya fito daga Jami'ar Leeds. Dukkansu a sashen Turanci aka ɗauke su aiki. Abin da suka fara lura da shi shi ne ɗalibai na haddace wasannin Shakespeare don cin jarrabawa, alhali ba su taɓa ganin an taka su a kan dandamali ba. Wasa kuwa, kamar waƙar Shata ce, wanda ya karanta baitocinta a takarda bai ji kalangu ba, bai san ta ba. Don haka suka ja ɗalibai daga aji zuwa ɗakin wasa.

Mataki na gaba ya fi wannan muhimmanci. Sun fara neman abin da 'yan ƙasa suka rubuta da hannunsu. A 1958, da ƙarfafawar Banham, wani ɗalibi mai suna J. P. Clark ya fara fitar da 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn. Takardu ne kawai da ake bugawa da keken rubutu a maimaita da inji, amma a cikinta ne mutane da yawa suka fara cin karo da waƙoƙin Clark ɗin kansa da Christopher Okigbo da Wole Soyinka. A 1959 kuma, Axworthy ya sa ƙungiyar wasan ɗalibai ta nuna wasanni biyu na Soyinka, The Swamp Dwellers da The Lion and the Jewel, lokacin shi marubucin yana Landan, kusan ba wanda ya san shi a gida. Wanda aka ba wannan dama shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1986.

A 1961 aka yi abin da ya canja tafiyar baki ɗaya. Wasu ɗalibai, ciki har da Dapo Adelugba, suka ɗauki wani tsohon wasan barkwanci na Molière, marubucin Faransa na ƙarni na 17, mai ba da labarin wani bara ɗan duniya da ke juya iyayen gidansa yadda ya so. Suka cire masa rigar Faransa suka sa masa ta Najeriya, baran ya koma Suberu, wasan ya zama That Scoundrel Suberu, aka cakuɗa Turanci da Turancin buroka. Maimakon su jira 'yan kallo su zo, sai suka loda kaya a mota suka bi garuruwa, suna wasa a makarantu da ɗakunan taro da filaye. Wannan ne mafarin ayarin wasan tafi-da-gidanka na Ibadan.

A hanya ne malaman suka koma ɗalibai. Ɗan kallon Ingila zama yake shiru har a rufe labule. Ɗan kallon Najeriya kuwa tankawa yake, ya gargaɗi wanda za a cuta, ya yi wa mugu ihu, wani ma ya maimaita zancen da ya yi masa daɗi tare da ɗan wasa. Ba su ɗauki wannan a matsayin rashin tarbiyya ba. Sun sake fasalin wasanninsu ya ba ɗan kallo wurin sa baki. A shekarun da suka biyo aka zaga da wasu wasannin barkwanci na Shakespeare. A 1964, shekarar da marubucin ya cika 400 da haihuwa, aka gyara tirela ta zama dandamali mai naɗewa, ana tsayar da ita a filin ƙwallo a buɗe, dubban mutane su taru. A 1965 aka zaga da Danda, wanda aka ciro daga littafin Nkem Nwankwo, labari na ƙasar Ibo.

Ana cikin haka kwalejin ta zama cikakkiyar jami'a a 1962, ƙarƙashin masanin tarihi Kenneth Dike. Da tallafin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka aka kafa Makarantar Wasan Kwaikwayo, ta farko a Najeriya, Axworthy ne daraktanta na farko. Wani abu da ya yi a nan ya nuna inda ya dosa. Ya gayyato Kola Ogunmola, tsohon malamin makaranta mai yawon wasa da Yarabanci, wanda ba shi da digiri, ya zauna a jami'a tsawon watanni da shi da 'yan ayarinsa. A 1963 suka fitar da wasan mashayin bammi, daga shahararren littafin Amos Tutuola, da Yarabanci da kiɗa da rawa. Wanda ya tsara dandamali da sutura shi ne Demas Nwoko, mai zanen da ya yi karatu a Zariya. Jami'ar da aka gina don koyar da ilimin Landan, sai ga ta tana zaune a gaban ɗan wasan gargajiya tana ɗaukar darasi.

FERGUSON: JUYA TSOHON ILIMI YA FUSKANCI AFIRKA

Aikin Ferguson ya fi na abokansa wuya. Wasa kowa na son kallo, amma wa zai gamsar da ƙasar da ke shirin karɓar 'yanci, mai neman likitoci da injiniyoyi da malaman gona, cewa tana bukatar Girkanci? Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya karkata ne ga samar da ƙwararrun ma'aikata cikin gaggawa, kuma masu suka suna ganin Latin ba komai ba ne illa ragowar kayan mulkin mallaka.

Ferguson, wanda ya zo yana da shekara 35, bai tsaya gardama da baki kawai ba. Shi da wani matashin malami baƙar fata ɗan tsibirin Barbados, Lloyd Thompson, wanda shi ma ya iso a 1956, suka ɗauko tambayar da manhajar Landan ba ta damu da ita ba: ina Afirka a cikin wannan tsohon tarihi? Da aka duba sai aka tarar tana tsakiyarsa. Terence, ɗaya daga manyan marubutan wasan barkwanci na Latin, a Kartaj aka haife shi, cikin Tunisiya ta yau. Apuleius da Augustine 'yan ƙasar da ake kira Aljeriya ne yanzu. Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, haifaffen gaɓar Libiya ne. Herodotus, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin Garamantawa na yankin Fazzan, yankin da daga baya ayarin fataken Kano da Barno ke ratsawa zuwa Tarabulus.

Da wannan suka nuna wa ɗalibansu cewa ba gadon Bature kaɗai suke karantawa ba. Ferguson ya tsaya wa ƙungiyar masu wannan fanni ta Najeriya da mujallarta, Nigeria and the Classics, inda malaman sakandare da na jami'a ke gabatar da nazari. A 1969, bayan ya tafi, maɗaba'ar jami'ar ta fitar da littafin da suka shirya shi da Thompson, Africa in Classical Antiquity.

Mu a nan wannan bai kamata ya zame mana baƙon zance ba. Ilimin manɗiƙi da malamanmu ke karantarwa a zaure, ta littafin Sullam na Al-Akhdari, asalinsa na komawa ga Aristotle, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo. Ta Bagadaza da Andalus da Magrib ya bi ya iso Timbuktu da Katsina da Sakkwato, tun kafin Bature ya zo da nasa kwafin ta bakin teku.

Ɗaliban da suka bi ta wannan sashe su ne hujjarsa mafi ƙarfi. Emeka Anyaoku ya gama a 1959, ya zama Babban Sakataren Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila daga 1990 zuwa 2000. Gamaliel Onosode ya zama jigo a harkar banki da kamfanoni. Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Isidore Okpewho, wanda ya fita da daraja ta ɗaya a 1964. A 1970 wata masaniya Baturiya, Ruth Finnegan, ta rubuta a littafinta kan adabin baka cewa da wuya a samu doguwar waƙar jarumta irin ta Homer a Afirka kudu da Sahara. Okpewho ya san Homer a harshensa na asali. Ya ɗauki ma'aunan da ake auna waƙoƙin Girka da su, ya ɗora su a kan labarin Sunjata na Mandinka da Ozidi na Ijaw da Mwindo na Kongo, ya fitar da The Epic in Africa a 1979, inda ya nuna akwai su, kuma suna da nasu tsari. Da tsohuwar zuma ake magani. Makamin da aka ce na mulkin mallaka ne, da shi ya kare martabar maroƙa da mawaƙan Afirka.

ABIN DA ZA A IYA FAƊA A KANSU

Yabon gwani ya zama dole, amma tarihi ba kirari ba ne. Waɗannan malamai sun zo ne a cikin tsarin da ya fifita su a albashi da gida da muƙami fiye da takwarorinsu 'yan ƙasa. Ayarin wasan, duk farin jininsa, galibi da Turanci yake magana, don haka manomi da 'yar kasuwar da ba su shiga aji ba, dariyar motsi kawai suke samu. Kuma ba su ne suka kawo wasan kwaikwayo Najeriya ba. Yarabawa na da ayarinsu na masu rufe fuska tun zamanin daular Oyo. Mu muna da tashe da wasan gauta da kalankuwa. Malam Aminu Kano na shirya wasanni da ɗalibansa tun shekarun 1940, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu ba tare da ya jira Ibadan ba. Latin ɗin ma, duk ƙoƙarin Ferguson, ya ci gaba da zubewa daga sakandare har ya kusan ɓacewa.

Abin da za a ba su shi ne sun gane cewa su masu wucewa ne, suka yi aiki da wannan sanin.

TAFIYA A CIKIN GUGUWA

Shekarar 1966 kowa ya san ta. Juyin mulkin 15 ga Janairu, wanda ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola, sai na Yuli, sai kashe-kashen da suka biyo baya. Malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka bar Ibadan, har da shi kansa Dike. A wannan shekara Banham ya koma Leeds, Ferguson ya wuce Amurka. A 1967 Axworthy ya bi bayansu. Dama lokacin miƙa muƙamai ga 'yan ƙasa ya yi, sai guguwar ta zo ta haɗe da shi.

Gwajin gaskiya ya zo nan take. Soyinka ne aka naɗa ya gaji Axworthy, amma a watan Agustan 1967 gwamnatin Gowon ta tsare shi, ya yi fiye da shekara biyu a kulle, mafi yawa a kurkukun Kaduna, sai Oktoban 1969 aka sake shi. Okigbo, wanda shi ma Latin da Girkanci ya karanta a Ibadan, ya mutu a fagen yaƙi kusa da Nsukka a 1967. Makarantar da ba ta wuce shekara biyar ba, ta rasa wanda ya kafa ta da wanda ya gaje shi a shekara ɗaya, ga yaƙi. Duk da haka ba ta rufe ba, domin akwai mutane a ƙasa: Joel Adedeji da Demas Nwoko da Dapo Adelugba, da Dexter Lyndersay ɗan ƙasar Tirinidad, wanda ya riƙe ta lokacin da Soyinka ke tsare. A 1970 ta zama cikakken sashe na jami'a. A ɓangaren Kilasiks kuwa Thompson ya zauna, ya zama farfesa, bai bar Ibadan ba har rasuwarsa a 1997. Sashen na nan har yau.

Su ma waɗanda suka tafi, Ibadan ta bi su. Ferguson ya zama shugaban tsangayar fasaha na farko a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya a 1969, mai kai karatu gida ga waɗanda ba su samu shiga jami'a ba. Axworthy ya zama daraktan farko na gidan wasan Sherman a Kadif. Banham ya kafa sashen koyar da wasa a aikace a Leeds, inda 'yan Afirka da dama suka yi digiri na biyu da na uku, ya kuma shirya littafin A History of Theatre in Africa a 2004.

YADDA ABIN YA ISO AREWA

Ta hanya uku. Ta farko, Lyndersay ya hauro Arewa a shekarun 1970, inda shi da Umaru Ladan suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali. An buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗin labarin da Hausa a 1976.

Ta biyu ta yi dogon zagaye. Dabarar ayarin tafi-da-gidanka ta tsallaka Jami'ar Makerere ta Yuganda a 1965, ta wuce Zambiya inda aka kafa gidan wasan Chikwakwa. Ɗaya daga waɗanda suka kafa shi, Michael Etherton, shi ne ya zo Zariya a 1975 ya fara darasin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. A nan aka gyara gurbin da Ibadan ta bari. Shi da abokan aiki da ɗalibai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, ba su kai wa ƙauye wasan da aka gama shiryawa ba. Sukan je Soba ko Bomo ko Samaru su zauna da mutane, su ji damuwarsu ta taki da gona da ruwa, a haɗa wasan tare da su, da Hausa. Duk wasan faɗakarwa da ƙungiyoyi ke yi a ƙauyukanmu yau kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata, yana da jini da wannan.

Ta uku, Adelugba, wato ɗalibin nan da ya sa hannu a Suberu a 1961, bayan ya yi ritaya a Ibadan a matsayin farfesa, Zariya ya koma ya ci gaba da koyarwa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Duk shekara malamai na barin makarantunmu, wasu ritaya, wasu canjin wurin aiki, wasu neman abin da ya fi albashin. A yi walima, a ba da agogon bango, a ɗauki hoto. Bayan zango ɗaya sai ka tarar ƙungiyar wasan kwaikwayon da malamin ke riƙe da ita ta mutu, kayan wasan na cin ƙura a sito, ajin Larabci ko na adabin Hausa da yake yi bayan tashi ya watse. Fannoni irin waɗannan su ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci, saboda ba a ganin amfaninsu a takardar sakamako.

Tarihin Ibadan ya nuna abu biyu ne suka hana hakan faruwa a can. Malaman sun sa fanninsu ya yi magana da mutanen wurin, har 'yan ƙasa suka ji nasu ne. Sannan sun jawo na ƙasa da su tun da wuri, suka ba su dandamali da alƙalami tun suna ɗalibai, ba ranar bankwana suka fara neman magaji ba. Shekara 10 ko 11 kawai suka yi, amma abin da suka dasa ya jure yaƙin basasa, ya haura shekara 60.

Wanda ke koyarwa a cikinmu, ya tambayi kansa wa zai riƙe in ya tafi gobe. Wanda ke cikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuma, ya bincika ko ƙungiyar wasan makarantarsu na da rai. A faɗa mana: wane malami ne ya bar makarantarku, abin da ya kafa bai bi shi ba?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.